Kanta, Dandali da Teburi: Nazari a kan Al'adun Yau da Kullum na Italiyawa

Tsakure

Takardar nan ta dubi wasu ɗabi'un yau da kullum na mutanen Italiya: shan gahawa, fitar yamma, cin abinci, gaisuwa da zaman iyali. Ra'ayin da ta tsaya a kai shi ne, son jama'a da aka san Italiyawa da shi ya tofo ne daga yadda aka gina garuruwansu da yadda suka yanka lokutan yini, kuma akwai masu ɗauke da nauyinsa waɗanda ba a cika ambatonsu ba. Ta kuma nuna cewa da dama daga cikin waɗannan al'adu ba su daɗe da zama na kowa da kowa ba.

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar Italiyawa, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne suna da fara'a, suna son hira, suna magana da hannu, kuma ba sa wasa da abinci. Duk haka ne. Matsalar wannan bayani ita ce yana jingina komai ga hali, kamar da shi aka haife su, sai ya rufe ƙofar tambaya. Mai nazarin al'ada kuwa tambaya ce jarinsa: me ke sa mutum ya haɗu da maƙwabcinsa sau uku ko huɗu a yini ba tare da sun yi alƙawari ba? Wa ya gina wurin haɗuwar? Wa ya dafa abincin da aka taru a kansa?

Kafin a shiga amsa, dole a tuna cewa Italiya a matsayin ƙasa ɗaya ba tsohuwa ba ce. A 1861 aka haɗe ta, Roma ma sai a 1870 ta shigo. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa a lokacin haɗewar, waɗanda ke iya magana da daidaitaccen Italiyanci ba su wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba. Sauran kowa da karin harshen garinsa. Har yau ƙasar na da ƙananan hukumomi kusan 7,900, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari nasu ba su kai mutum 5,000 ba. Shi ya sa Ba'italiye kan fara danganta kansa da garinsa kafin ƙasarsa, ɗabi'ar da suke kira campanilismo. A Siyena abin ya sauko har matakin unguwa: unguwanni 17 ne ke hamayya a sukuwar Palio da ake yi ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Saboda haka duk inda na ce "Italiyawa", a riƙa tunawa da cewa mutumin Milan da na Sisili sun sha bamban a abubuwa da yawa. Abin da na bi shi ne zaren da ya ratsa su.

2.0 Kanta da finjali

Shagon da suke kira bar shi ne wurin da ya fi dacewa a fara. Kada sunan ya ruɗe mu: ko da yake ana sayar da barasa a cikinsa, babban aikinsa daga asuba har yamma gahawa ne.

Ga yadda abin yake da misalin ƙarfe takwas na safe. Mutum ya shigo ya gaida mai shago, a manyan birane ya fara biya wurin mai karɓar kuɗi, ya ɗora rasit a kan kanta. Mai haɗa gahawa ya ƙwanƙwasa mariƙin injin ya zubar da tsohon gari, ya cika sabo, ya danne, ya murɗa shi a jikin injin. Kafin ruwan ya gama tsiyaya ya riga ya jera ɗan faranti da cokali a gaban mai saye. Abin da ke cikin finjalin bai wuce kurɓa biyu ko uku ba. A tsaye ake sha, kafaɗa da kafaɗa da wanda Allah ya haɗa ka da shi, lauya ne ko mai shara. A yi maganar ƙwallon jiya, ko ruwan sama, ko gwamnati, a yi sallama. Duka-duka minti biyar. Wanda ya saba da teburin mai shayi a ƙasar Hausa zai gane wurin nan take, sai dai a shagon Italiya ba a cika zama ba, kuma mata na shiga kamar yadda maza ke shiga.

Tsayuwar nan tana da dalili na kuɗi. Farashi biyu ne a shago ɗaya: na kanta, wanda a yawancin garuruwa yuro ɗaya ne da 'yan kai, da na teburi, wanda a wuraren 'yan yawon buɗe ido kan ninka sau da yawa. Masanin tarihin gahawa Jonathan Morris ya nuna cewa hukumomi sun daɗe suna ƙayyade farashin gahawar da aka sha ba tare da an kai wa mutum teburi ba, shi ya sa masu shaguna suka gina sana'arsu a kan saurin sallamar jama'a, jama'a kuma suka saba da tsayuwa. A ganina wannan arha ita ce ginshiƙin al'adar. Abin da talaka zai iya saye sau biyu a yini ba tare da ya ji a jikinsa ba, shi ne zai iya zama mahaɗar kowa.

Al'adar kuma ba ta kai tsufan da ake zato ba. Gaskiya ne shagon Florian na birnin Benis yana nan tun 1720, amma irinsa na masu hali ne. Angelo Moriondo ya yi rajistar injinsa na haɗa gahawa a Turin a 1884, Luigi Bezzera ya biyo baya a Milan a 1901, sannan injin Achille Gaggia, wanda ya kawo kumfar nan mai ruwan ƙasa da ake gani a saman finjali, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga kasuwa. A gida kuwa, 'yar tukunyar moka ta Alfonso Bialetti ta fito a 1933, ta kuma game gidaje a shekarun 1950. Wato kakan kakan wanda ke tsaye a kanta yau bai san wannan gahawar ba.

Akwai ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Gahawa mai madara ta safe ce, ba a bin abincin rana da ita, domin sun yi imani madara na nauyaya ciki. Idan abokai suka shiga tare, ɗaya ne ke biya wa kowa, gobe wani ya rama. A Napoli akwai wata ɗabi'a da nake ganin ta cancanci yabo: mutum ya sha finjali ɗaya ya biya kuɗin biyu, na biyun ya zauna a ajiye har wani marar hali ya shigo ya tambaya. Mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai sunkuyar da kai gaban kowa ba.

3.0 Fitar yamma

Idan rana ta yi sanyi, tsakanin ƙarfe biyar zuwa takwas gwargwadon yanayi, babban titin gari kan cika da mutane masu tafiya a hankali. Wannan ita ce passeggiata. Ba wurin da za su; su kai ƙarshen titi su juyo, su sake kaiwa su juyo. Miji da mata riƙe da hannun juna, tsofaffi maza hannuwa a baya, 'yan mata rukuni guda, samari rukuni guda, iyaye na tura keken jariri, yara na lasar askirim. Kowane taku ashirin sai an tsaya gaisawa. An yi wanka, an sa tufafi masu kyau, musamman ranar Lahadi.

Giovanna Del Negro, wadda ta yi nazarin wannan al'ada a wani ƙaramin gari na yankin Abruzzo ta wallafa shi a 2004, ta nuna cewa fitar fage ce da gari ke kallon kansa da kansa. A nan ake sanin wanda ya dawo daga ƙetare, da wadda aka sa wa rana, da wanda ya tashi daga jinya, da masu takaba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Italiyawa sun ware mata sa'o'i a kowace rana, sun kuma ware mata titi.

Titin shi ne abin lura. Tsohon garin Italiya a cure yake: gidaje masu hawa uku ko huɗu manne da juna, shaguna a ƙasa, mutane a sama, lunguna duk suna ɓullewa dandali, inda coci da ofishin hukuma da shagon gahawa da kantin magani ke fuskantar juna. A Bolonya akwai rumfunan gini da suka lulluɓe gefen tituna na tsawon kilomita kusan 62, waɗanda hukumar UNESCO ta sa wasu sassansu cikin kayan tarihin duniya a 2021. Ruwa ko rana ba sa hana mutum fita. Garuruwa da yawa sun taƙaita shigar motoci tsakiyarsu. A irin wannan gari, sai mutum ya yi da gaske kafin ya kauce wa jama'a. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce abin da ke faruwa a unguwannin da aka gina cikin gaggawa a gefen Milan, Turin da Roma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dogayen benaye babu dandali: mutanen Italiyawa ne, jininsu ɗaya da na cikin gari, amma fitar yamma ba ta kama ƙasa a can kamar yadda ta kama a tsohon gari ba. Da yawansu sai sun hau mota zuwa tsakiyar birni ko babban kanti kafin su yi ta.

Daga nan ne abin da suke kira bella figura ke samun ma'ana, wato fita kunya a idon jama'a ta fuskar sutura, magana, kyauta da karɓar baƙo. Mutumin da ya san za a gan shi kullum, kuma masu ganinsa sun san iyayensa, dole ya kula da yadda zai fito. Abin yana da fuska biyu. Yana sa tsafta da ladabi, yana kuma sa wani ya ci bashi don bikin 'yarsa, ko ya ɓoye talaucinsa har ya gagara taimako. Matasa da dama da suka bar ƙananan garuruwa suna ambaton wannan idon cikin abubuwan da suka kore su.

Watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle ƙasar baki ɗaya, ya nuna zurfin abin. An rufe shaguna, an hana fita, sai mutane suka koma barandar benayensu da ƙarfe shida na yamma suna waƙa da kiɗa suna ɗaga wa juna hannu. Sa'ar da suka zaɓa ita ce sa'ar fitar yamma.

4.0 Teburi

Karin kumallo ba shi da nauyi: gahawa da ɗan burodi mai zaƙi. Abincin rana wajen ƙarfe ɗaya, na dare wajen takwas, a kudu har tara. Cikakken abinci kashi-kashi yake zuwa: a fara da taliya ko shinkafa ko miya, a biyo da nama ko kifi tare da ganye, a rufe da 'ya'yan itace da gahawa. Ba a tara su a faranti ɗaya. A ranakun aiki mutane kan tsaya a kashi ɗaya ko biyu, amma ranar Lahadi a gidan uwa ko kaka sai an bi su daki-daki, a kwashe sa'o'i biyu ko uku a zaune. Kowane Ba'italiye na cin taliya kimanin kilo 23 a shekara, ba ƙasar da ta kai su.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne amincewar da aka yi a kan lokaci. A ƙananan garuruwa, musamman kudu, shaguna kan rufe daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, gidajen abinci da yawa kuma ba sa dafa komai tsakanin uku da bakwai. Baƙo kan ɗauki wannan a matsayin kasala. Amma idan kowa ya tashi aiki a lokaci guda, iyali na iya zama a teburi guda. Haka ma hutun Agusta. Ranar 15 ga wata, Ferragosto, asalinta hutun da Sarki Augustus ya kafa shekara 18 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya cocin Katolika ya haɗa ta da bikinsa. Gwamnatin Mussolini ta fito da jirage masu rangwamen kuɗi daga 1931 don talakawa su je bakin teku, sannan manyan masana'antu irin su Fiat suka riƙa rufewa a watan, ƙananan da ke sayar musu da kaya suka bi sahu. Har yau birane kan yi tsit a tsakiyar Agusta.

Shi ma abincin da duniya ta sani da sunan na Italiya, haɗuwarsa sabuwa ce. Manoman arewa a ƙarni na 19 tuwon masara da suke kira polenta suka dogara da shi, har cutar rashin gina jiki ta pellagra ta addabi yankunan Beneto da Lombardiya. Pizza kuwa abincin talakawan Napoli ce. Littafin girki na Pellegrino Artusi na 1891 shi ya fara tattara girke-girken yankuna cikin harshen da matan gida za su fahimta. Sauran aikin ƙaura ce ta yi shi: tsakanin 1951 da 1971 mutanen Turin sun ƙaru daga kimanin dubu 720 zuwa sama da miliyan ɗaya da dubu 100, akasarin sababbin daga kudu, kuma da tukwanensu suka zo. Talabijin ta ƙasa, wadda ta fara a 1954, da babbar hanyar da ta haɗa Milan da Napoli a 1964, sun ƙarasa. Da aka buɗe shagon McDonald's kusa da dandalin Spagna a Roma a 1986, Carlo Petrini da abokansa suka tayar da ƙungiyar Slow Food don kare girkin gargajiya da zaman cin abinci a natse. Tashinta kaɗai shaida ce cewa tun a lokacin an fara jin tsoron al'adar na iya suɓucewa.

5.0 Gaisuwa da girmamawa

A nan ba sai an tsawaita ba. Ba a shiga ƙaramin shago ko ɗakin jiran likita ba tare da gaisuwa ba, ba a kuma fita ba sallama. 'Yan uwa da abokai kan haɗa kumatu sau biyu, baƙi kuwa musafaha. Harshen yana da "kai" na sabo, tu, da na girmamawa, Lei, kuma babba ne ke ba da izinin a sauko daga na biyu zuwa na farko. A 1938 gwamnatin Mussolini ta yi yunƙurin hana Lei ta maye gurbinsa da voi. Gwamnatin ta faɗi, Lei na nan. Ana son laƙabi: duk mai digiri dottore ne, lauya da injiniya da malami kowa da sana'arsa ake kiransa. Maganar hannu kuwa tana da ƙa'ida har Andrea de Jorio ya rubuta littafi a kan ta mutanen Napoli tun 1832.

6.0 Masu ɗauke da kayan

A 1958 Ba'amurke Edward Banfield, bayan zamansa a ƙauyen Chiaromonte na yankin Basilicata, ya yi iƙirarin cewa mutanen kudu ba su san kowa ba sai iyalinsu, kuma wannan ne ya hana su ci gaba. Robert Putnam ya ɗora a kan wannan a 1993 da kwatanta arewa da kudu. Masanan Italiya da dama sun soki ra'ayin, ni ma ina tare da su a wannan gaɓa: Banfield ya ɗauki sakamako ya mai da shi sanadi. Inda hukuma ba ta kai hannu ba, dole iyali su cike gurbin.

A duba yau. Matashin Italiya kan bar gidan iyayensa yana da shekara 30 a matsakaici, saboda tsadar haya da aikin da ba shi da tabbas. Makarantu da yawa na tashi da rana tsaka, hutun bazara kuma kusan wata uku ne, gidajen renon yara ba su wadata ba, musamman a kudu. Wa ke tsaye a ƙofar makaranta da ƙarfe ɗaya? Kaka. Wa ya tashi da sassafe ranar Lahadi ya ɗora miyar tumatir da za ta yi sa'o'i tana dahuwa? Uwa ko kaka. Matan da ke aikin albashi a Italiya kaɗan suka haura rabi, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a Tarayyar Turai. Teburin Lahadi da ake yabo a kan wuyan waɗannan mata yake, kuma duk nazarin da ya yaba teburin ya manta da su bai yi adalci ba.

Wannan ginshiƙi yanzu yana girgiza. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ISTAT sun nuna haihuwa ta sauka ƙasa da dubu 400 a 2022, ta kai kimanin dubu 370 a 2024, a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 59. Kusan ɗaya cikin huɗu na jama'a sun haura shekara 65. Masu zuwa coci kowane mako ba su kai ɗaya cikin biyar ba, kuma a 2018 auren da aka ɗaura a ofishin hukuma ya zarce na coci a karon farko. Dokar da gwamnatin Mario Monti ta kawo a ƙarshen 2011 ta sakar wa shaguna mara su buɗe duk sa'ar da suka ga dama, har Lahadi, abin da ya yi wa manyan kantuna daɗi ya kuma matse ƙananan shagunan da ke raya dandali. A tsaunukan Sisili, garuruwa irin su Sambuca da Mussomeli sun kai ga sayar da tsofaffin gidaje a kan yuro ɗaya don neman mazauna.

Gurbin da ya buɗe, baƙi ne ke cike shi. Baƙin da ke zaune a Italiya bisa ƙa'ida sun haura miliyan biyar. Tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi Milan ko Jamus, wadda ke riƙe da hannunta a fitar yamma sau da yawa mace ce daga Romaniya, Yukren ko Filifin da aka ɗauka jinya. Tumatirin miyar Lahadi, a gonakin Foggia 'yan Afirka ta Yamma na cikin masu tsinkarsa, wasunsu ta Agadas da Libiya suka bi, suna kwana a bukkoki a wurare irin su Borgo Mezzanone. Zaluncin dillalan ƙwadago a kansu ya kai majalisa ta tsananta doka a 2016. A arewa kuma shagunan gahawa da yawa sun koma hannun 'yan asalin Sin, lamarin da Grazia Ting Deng ta yi nazarinsa a Bolonya ta wallafa a 2024. Sun koyi haɗa gahawar, sun haddace sunayen tsofaffin unguwa da abin da kowannensu ke sha.

Matsayin waɗannan mutane a doka bai tafi kafaɗa da kafaɗa da matsayinsu a unguwa ba. A ƙarƙashin dokar 1992, yaron da aka haifa a Italiya iyayensa baƙi sai ya cika shekara 18 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, ko da karin harshen garin ne a bakinsa. Ƙuri'ar raba gardama ta watan Yuni 2025, wadda ta nemi rage shekarun zama da ake buƙata daga goma zuwa biyar, ta faɗi saboda masu jefa ƙuri'a ba su kai adadin da doka ta gindaya ba. Aikin da nake ganin ya fi dacewa da masu bincike daga jami'o'inmu, waɗanda ke jin harsunan waɗannan matafiya, shi ne su je Foggia da Napoli da Brescia su ji daga bakinsu: a wane shago ake gaishe su da suna, wa ya taɓa gayyatarsu abincin Lahadi, kuma ina suke tsayawa idan gari ya fito da yamma.